Gayyar Baba Ishaya

Zuwa ga Yaya Ja'afaru, a Sabon Shagamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara nisan kwana, ya sa albarka a cinikin goro, ya kawo sauƙin ciwon gwiwar nan da ka ambata. Mu nan gida alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, ido ne dai yake ƙara yi mata hazo, amma bakin yana nan daram, jiya ma sai da ta wanke ni tas don akuyata ta cinye mata rama. Hure ta sauka lafiya, an sami mace. Damina kuwa sai godiya. Shuka biyu ta ƙone mana, ta uku ce ta kama, taki kuma sai dai mu ji labarinsa a rediyo. Bayan ɓarnar da fara ta yi bara, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya.

Takardarka ta iso ta hannun direban motar goro. Na ga inda ka ce Muntaka ɗan Baffa ya aiko maka hoton Liman da Baba Ishaya suna riƙe da hannun juna, har daɗi ya sa ka yi sadaka, ka ce garinmu ya zama abin koyi. Yaya, da na kai nan sai da na yi dariya, irin wadda gara kuka da ita. Kai hoton ka gani, ni kuwa ina nan ranar da aka ɗauke shi, don haka ka gyara zama in ba ka labari.

Shekarunka a kudu sun yi yawa, bari in tuna maka. Gidajen Kirista uku suka rage a gabashin gari, na Baba Ishaya ne babba. Gamba ce kawai ta raba gonarsa da tamu tun zamanin kakanni. Matarsa marigayiya Saratu ita ta yanke cibiyar rabin mutanen garin nan, har da ta Muntaka. Ba ya kiran gayya ranar Juma'a saboda mu, mu ma ba ma kira ranar Lahadi saboda shi. In zai yanka dabba kuwa gidanmu yake aikowa, Babanmu ya je ya yanka da bisimilla don kowa ya ci ba shakka, da Babanmu ya rasu wuƙar ta dawo hannuna. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda, haka muka taso muka tarar.

To, ka ji rikicin da aka yi a birni. An ƙona shagon ɗansa Yohanna, da ƙyar ya tsira da iyalinsa, yanzu yana can kudancin Kaduna wurin surukansa. Tun daga nan takardu suke zuwa, yana cewa tsohon ya tattara ya biyo shi tun kafin abin ya iso ƙauye. Baba Ishaya ya gaya mini da bakinsa, a bakin gamba, cewa ya amsa wa yaron cewa mutanen birni daban, nasa mutanen daban. Ya ce zai kira gayyar noman fari kamar kullum, in mutane sun fito ya san yana da gari, in ba su fito ba Yohanna ya fi shi gaskiya. Bai faɗa wa kowa wannan ba sai ni. Ya raba goro gida gida tun saura mako guda, ya sa Asabar. Kowa ya karɓa, kowa ya tauna.

Ana nan sai ga ɗan'uwanka Muntaka ya dawo daga wani taro a birni da sabon muƙami, wai shi ne shugaban kwamitin fahimtar juna tsakanin addinai na yankinmu. Muntaka fa! Mutumin da rabonsa da taka gabashin gari tun ranar da ya je neman ƙuri'a, wanda ko gaisuwar mutuwar Saratu bai je ba, wai ya yi mura. Shi ne yau zai koya mana zama da maƙwabci. Ya sa a yi shela cewa manyan baƙi za su zo daga birni a yi taron zaman lafiya a filin firamare, kuma ranar ita ce Asabar ɗin nan dai. Na same shi na ce masa ranar gayyar Baba Ishaya ce, ya matsar da taronsa ko zuwa Lahadi da yamma. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce baƙin ma'aikata ne, lokacinsu a tsare yake, ciyawa kuwa ai ba gudu za ta yi ba. Ka ji maganar wanda hannunsa ya manta ƙotar fartanya. Geron da aka shuka sau uku, harƙiya ta riga ta kai masa wuya, shi ne zai jira baƙin birni su gama shan lemo.

Ranar Asabar bayan asuba na je na yanka bunsuru, shi kaɗai ya rage wa tsohon a turke. 'Yarsa Rifkatu da matan gidajen nan uku sun ɗora manyan tukwane, dawar da suka yi ta tattali tun bara suka niƙa, tuwon mutum arba'in. Hantsi bai gama fitowa ba sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidansa, Muntaka ya aiko a ɗauke shi, wai taro ba zai yi armashi ba sai da wakilin Kirista. Tsohon nan ya ji kunyar ƙin kiran gari. Ya ajiye fartanya, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ce mini in kula da mutane in sun zo, yanzu zai dawo.

Mutanen da suka zo, Yaya, mu biyar ne. Ni, da Malam Sama'ilu mai rauni a ƙafa, da Madu maƙeri, da tsofaffi biyu daga gidajen Kirista. Mai gangar noma ma bai zo ba, Muntaka ya ɗauke shi ya yi wa baƙi kiɗan maraba. Sauran gari kaf suna firamare, domin an ce za a raba shinkafa da nama a roba, da riga mai rubutu, da hula hana-salla. Ban ga laifin mai yunwa ba don ya bi shinkafa, shekarar ta yi tsanani, amma ai a gonar ma tuwo ne da nama yake jiransu, kuma sun ci goron mutum. Abin da ya fi ƙona mini rai, har da Basiru ɗana, ƙato da gemunsa da 'ya'ya uku, wanda Saratu ta goya a bayanta lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Har yau ban iya kallonsa sosai ba.

Muna duƙe muna jin lasifika daga nesa, iska tana kawo mana jawabin Muntaka guntu guntu. Ya ce mu tsintsiya ne maɗaurinmu ɗaya, aka tafa. Ya ce daga yau an buɗe sabon babi, aka tafa. Wani baƙo ya yi Turanci mai tsawo wanda ba wanda ya ji, shi ma aka tafa masa. An ce wata mata daga cikin baƙin ta tambayi Baba Ishaya ko wannan ne karonsa na farko da ya zauna kusa da liman. Shi da Liman Malam Kallamu da suka yi kiwon awaki tare suna yara, suka sha dukan mai gona ɗaya! Malam Kallamu kansa ya ce mini sau biyu yana yunƙurin tashi don ya tuna wa mutane gayya, Muntaka yana danne masa gefen riga, wai a bari a gama hoto. Hoton da kake ta sa wa albarka ke nan.

Sai bayan azahar motar ta dawo da shi. Ya sauka da farar rigarsa, da robar shinkafa a hannu, ya tako har bakin gona ya tsaya. Mu biyar ko kashi ɗaya cikin biyar ba mu ci ba, sauran gonar kore shar, ba ka bambance gero da ciyawa. Ya daɗe yana kallo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya yi mana sannu da aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Sannan ya ce wa Rifkatu kada a bar abinci ya lalace a shekara irin wannan, a zuba a kwanuka a bi gari gida gida. Aka kai ko'ina, har gidan Muntaka. Kuma suka karɓa, Yaya, suka cinye, suka maido kwanuka a wanke da saƙon an gode. Ban taɓa raina mutanen garinmu ba kamar ranar nan, kuma da kaina nake haɗawa, don da na buɗe baki a ƙofar masallaci na faɗi abin da tsohon ya gaya mini, wataƙila da kunya ta kama wasu. Na riƙe masa sirri, ga abin da riƙon ya jawo.

Mun ƙarasa masa noman a kwana shida, mu biyar ɗin da Malam Kallamu da ya zo da fartanyarsa duk da tsufa, amma ciyawa ta riga ta sha ƙarfin geron. Shekaranjiya ya same ni a bakin gamba ya ce ya aika wa Yohanna ya zo da mota in an yi girbi. Ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba, yunwa ce, kuma zamani ne. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ya roƙa. Kabarin mahaifinsa da na Saratu suna gindin ɗorawar nan ta kusurwar gabas, yana so gidanmu ya ɗaukar masa alkawari cewa duk hannun da gonar ta faɗa, garma ba za ta bi ta kansu ba. Na ce na ɗauka. Ya ce ya yarda da ni, amma kai ne babba, daga bakinka yake so ya ji. Shugaban fahimtar juna kuwa tuni ya fara aike yana tambaya ko an yi wa gonar mai saye, wai wurin zai yi kyau da gidan kaji.

Saboda haka kada ka aiko da amsa a takarda, zumunta a ƙafa take. Ka bar wa yaranka rumfa ka taho kafin maimai. Har yanzu akwai masu jin nauyinka a garin nan, in ka tsaya bayan sallar Juma'a ka kira gayya da sunanka, ina jin za su fito ko don kunya. Ban ce zai sauya ra'ayi ba, mai yiwuwa ihu ne bayan hari, amma gara mu yi ihun da a ce mun yi shiru har motar ta tashi.

Ka gaishe mini da Yaya Asiya da Furera, da Usaini da ƙannensa, Allah ya yi musu albarka. Inna tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da farin goro, kuma ta ce in gaya maka ita ba ta ci tuwon nan ba, kuka ne ya hana ta. Barira da Mairo suna miƙa gaisuwa, Malam Kallamu ma haka. Baba Ishaya ya ce in gaishe ka da kyau. Ya ce kada ka takura kanka da gwiwar nan, amma in ka bari aka yanke gero, to ka wuce gindin ɗorawa kai tsaye ka faɗa wa waɗanda ke kwance a can, don su ne za ka tarar.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙaninka,
Nababa