Jinin da Aka Nema wa Yaya Ummaru

Matameye, 9 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga yayata Balki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zaman Kano? Inna tana gaishe ki. Tun da sojoji suka rufe iyaka, sai ta hannun wani mai raƙumi na Ɗan Barto nake samun aiko miki da takarda.

Bana ko dami guda ba mu ɗaure ba. Da ba don aikina a magaza, wato ɗakin ajiyar hatsin taimako ba, da mu ma mun watse kamar mutanen Dungu.

Jikin Yaya Ummaru ya tsananta. Tarin da ya kwaso a masaƙa bai sake shi ba, ga ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ragu. Mun kai shi asibiti a Damagaram. Lokotoro ya ce huhu da ƙoda duk sun gaji, jini kuma ya yi ƙasa: awo ya nuna shida, inda ya kamata a ga sha uku. Shi ya sa ko alwala sai ya huta. An ce a ƙara masa jini. An auna matarsa Indo da ƙannenta biyu, yunwa ta riga ta cinye nasu. Ana dai nema. Ki sa shi a addu'a.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Sule

Matameye, 21 ga Nuwamba, 1984

Yayata Balki,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya Ummaru.

Kin tambaye ni ko ni ba a auna ni ba. An auna ni. Nawa sha huɗu ne, kuma irin nasa ne. Na ja lokotoro gefe na tambaye shi ko jinin zai warkar da shi. Ya ce ba zai gyara ƙoda ba, amma zai sauƙaƙa masa numfashi, wataƙila ya ƙara wata biyu ko uku. Na yi tunani, Yaya. Buhu nake ɗauka kullum, mutum ashirin na jiran in kwanta su gaje wurina. Wata biyu kuma baki ne da za a ci gaba da ciyarwa. Na ce masa zan dawo da la'asar, na wuce tasha.

Don kada a dame ni, na manna filasta a hannuna kamar an ɗebi jini, kafin in yi wa Yaya Ummaru sallama. Ya gani, ya riƙe hannun, ya yi ta sa mini albarka har numfashi ya ƙwace masa. Indo ta ce kwana tara ya yi yana tambayar yaushe za a kawo jinin Sule. Ita ta gane, don ta bincika. Na kai mata tiya biyar ta dawa, ta karɓa saboda 'ya'yanta, ba ta dube ni ba.

Ina roƙonki kada Inna ta ji. Ita a saninta na bayar, Allah ne bai nufa ba. Tun ranar take rage tuwonta tana ajiye mini, wai in mayar da jinin da na rasa. Ta rame ƙwarai. Ina ci, don idan na ƙi za ta tambayi dalili.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanenki,
Sule