Nuna Rami da Baki

Hindawiyya, Jidda
Rabi'us Sani, 1419

Zuwa ga matata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe da maƙwabciyarku A'i da duk masu tambayata a Damagaram. Mu nan lafiya lau, sai gumin Jidda da kika sani.

Kin yi ƙorafi cewa tun tafiyarki ba ki ji muryar autanki Hamidou ba. Gaskiyarki ne. Duk Juma'a yana raka ni ɗakin buga tarho, amma da na miƙa masa ya gaishe ki sai ya maƙe kafaɗa ya fice. I'inarsa ta ƙaru, Uwani. Mutum ya zama saurayi, yana aikinsa a gareji ba wanda ke kuka da shi, amma sai ya wuni bai ce uffan ba. Abin ya hana ni sukuni, har na fara ɗinka hannun riga a baibai.

Wuri ɗaya na ga yana sakin jiki: teburin biliyardo, wasan nan da ake zungurar ƙwallaye da sanda su faɗa ramuka. Ƙungiyoyi biyu ke gasar, kowacce na son shi, ni kuma na rasa wadda zan tura shi.

Ta farko ta unguwar Karantina ce, a gidan shayin abokina Ubale. Teburinsu gurgu ne, an tokare ƙafarsa da kwali, ƙyallensa ma ni na yi masa faci. Hayaƙin shisha kamar ana gashin tsire. Amma ba mai tambayarka iƙama, takardar zaman ƙasa, 'yan Damagaram na karawa da 'yan Abeshe da Kanawa, in ɗayansu ya kwanta ciwo duk su ɗunguma dubiya. Suna ji da Hamidou ƙwarai, sai dai sunan da suka laƙa masa ne ke ci mini rai, wai Kurman Tebur.

Ta biyu a unguwar Bagdadiyya take. Sanyin na'ura, tebura sumul, ba taba, ana tashi salla a kan lokaci. Suna raba 'yan wasa aji-aji don kada gwani ya yi ta cin na koyo, akwai alƙalin wasa, akwai kofi a ƙarshen shekara. Ma'aikatan ofisoshi ne, Misirawa da 'yan Filifin da 'yan ƙasa. Can ba wanda ya san shi, balle ya kira shi kurma.

Ubale ya ce in bar yaro cikin danginsa. Ni zuciyata ta karkata Bagdadiyya, amma da safe in yanke, da yamma in warware. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Isha'aku


Hindawiyya
Jimada Awwal

Uwani,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara shan kunu da kanta.

Halas, magana ta ƙare, na kai Hamidou Bagdadiyya. Mai kula da ƙungiyar wani Othman ne, Bahaushen Sudan, mutumin kirki, Hausarsa rabi Larabci. Ya zaunar da ni ya zayyana mini dokokinsu. Ya ce babbar dokar ita ce ta baƙar ƙwallo, wadda ake bugawa ƙarshe, kuma ita ke raba gardama. A ajin koyo ba a tsanantawa, amma daga aji na sama, ga yadda ya faɗa: "Lazim, dole ɗan wasa ya nuna ramin da baki kafin ya buga."

Uwani, na kusa rungume shi! Nuni da baki ai gadonmu ne. Wa ya kai Hamidou iya turo leɓe ya nuna abu? Ko gishiri yake so a kan tabarma haka yake yi. Na dawo gida na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan doka kamar don shi aka yi ta.

Yanzu duk Alhamis bayan la'asar ina rufe shago in bi shi. Ya share ajin koyo kamar wasa, sun ɗaga shi sama. In kika ga yadda yake goga alli a bakin sanda yana zagaya tebur, sai ki rantse wani babban mutum ne. Ubale yana fushi da ni, ya ce na ɗauke musu gwani na kai wa masu turare. Na ce ya gyara ƙafar teburinsa tukuna.

Tarho dai har yanzu Hamidou ya ƙi karɓa. Ki ƙara haƙuri.

Naki,
Isha'aku


Hindawiyya
Jimada Akhir

Uwani,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya ce babu.

Wasan Hamidou na farko a aji na sama ya zo da tsiya. Ya cinye ƙwallayensa tas, saura baƙar. Ya dubi alƙali, wani Bamisire mai gilashi, ya turo leɓe wajen ramin kusurwa, ya buga, ta faɗa. Na yi tsalle ina kabbara. Sai alƙali ya ɗaga hannu ya ba abokin karawarsa wasan, wai Hamidou bai ambaci rami ba.

Na yi kan Othman kamar zan cinye shi. Na ce ba kai ka ce a nuna da baki ba? Ya riƙe kai yana salati. Ashe shi nufinsa a faɗa da harshe, a furta kowa ya ji, don an taɓa yin rigima kan nuni da sanda. Larabcin da ke kansa ya juya zuwa Hausa, ni kuma na ji abin da nake son ji. Alƙali ya matso yana tambayar Hamidou me ya hana shi magana. Yaron ya buɗe baki, haƙoransa suka sarƙe, mutane suka zuba masa ido. Kin san halina, na yi caraf na amsa masa. Kallon da ya yi mini, Uwani, gara mari.

Othman ya roƙi shugabanninsu a yi masa sassauci, suka ce doka ɗaya ce ga kowa. Na ji haushinsu, amma in don Allah za a faɗa, wannan tsayuwa kan doka ita ta kai ni wurinsu tun farko.

Hamidou ya koma Karantina. Can an karɓe shi da shewa, Ubale har da yanka kaji. Yana cin kowa, yana turo leɓensa ba mai cewa don me, ana ta kirarin Kurman Tebur. Sai ya dawo gida ya juya wa bango fuska. Da can yakan ce mini sannu da aiki, yanzu ita ma ta ɗauke. Na kasa zama a keken ɗinki, in fita bakin titi, in dawo, in sake fita. Tsoro nake kada ki dawo ki tarar da ɗa wanda ya rufe baki gaba ɗaya.

Mijinki,
Isha'aku


Hindawiyya
Rajab

Uwani,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Inna ta miƙe sarai.

Alhamis da ta wuce ina cikin guga sai ga Ubale a guje, yana haki, ya ce yalla, maza in tashi, Hamidou ya ɗauki sandarsa ya hau motar Bagdadiyya. Bai gaya wa kowa ba. A hanya Ubale ke ce mini shi ma abin ya dame shi, yaro ya ci wasa a wurinsu amma ko murmushi babu.

Mun tarar an yi nisa. Alƙalin nan ne dai mai gilashi. Da aka zo kan baƙar ƙwallo, Hamidou ya dogara sandarsa a ƙasa ya fuskanci alƙali. Ramin dama yake so, na gani, kowa ma ya gani. Ya kama "yamin" ta Larabci, ta maƙale. Ya sake kamawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na zuba duk da sanyin ɗakin. Wani ya yi tari, wani ya duba agogo. Kalmar tana kan harshena, wallahi ta kusa fita, sai Ubale ya taka mini ƙafa da dukan nauyinsa. Har yanzu ɗan yatsan a kumbure yake.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Can sai yaron ya saki Larabcin, ya runtse ido, ya ce, "D-d-dama." Da Hausa, da ƙarfi, har bayan ɗaki aka ji. Othman ya daka tsalle ya ce wa alƙali ya faɗa, dama ita ce yamin. Alƙali ya gyaɗa kai.

Hamidou ya buga, ƙwallon ta daki bakin rami ta dawo. Abokin karawarsa, wani ɗan Filifin, ya cinye wasan. Ni kuwa ina tsaye ina kuka kamar an ba mu kofin.

A mota Hamidou ya ce mini Alhamis zai riƙa zuwa Bagdadiyya, Juma'a da yamma Karantina, don shayin Ubale ya fi. Ya daɗe kafin ya kai ƙarshen zancen, na damƙe bakina da hannu har ya gama.

Ga abin da ya sa na ba mai tafiya wasiƙar nan da gaggawa. Juma'ar farko bayan ta iso ki, ki je gidan A'i da wuri ki zauna kusa da tarho. Hamidou ya ce shi zai buga. In kin ɗauka kika ji shiru, kada ki ajiye, layin bai yanke ba. Kuma don Allah, Uwani, kada ki ƙarasa masa ko kalma ɗaya. Ki jira shi.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Mijinki mai kewarki,
Isha'aku