Miyar da Innarki ta Bari a Firigon Jeanne

Garwa, 14 ga Maris, 1976

Zuwa ga 'yata Fadimatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya jaririn nan da ban gani ba tukuna. Mu nan lafiya lau, sai zafin Garwa da kika sani, wanda ko kifin Binuwai yana kuka da shi. An yi sadakar arba'in ɗin Innarki, mutane sun zo har daga Pitowa da Mindif. Kada ki ƙara cewa in yafe miki rashin zuwa jana'iza. Mai wankan jego a Duwala ba ta da fiffike.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kafin Innarki ta kwanta asibiti, ta wuni tana dafa miyar yakuwa da busasshen kifi, wai don kada yunwa ta kashe ni kafin ta dawo. Ta zuba a kwanoni, ta kai wa maƙwabciyarmu Jeanne, matar Fulbert, wadda ke da firigo, akwatin sanyin nan da take yin ƙanƙarar sayarwa. Ni ban san da wannan ba. Sai bayan an watse daga sadaka Jeanne ta shigo tana sunkuyar da kai, ta ce min akwai ajiyar marigayiya a wurinta, ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Na tambayi liman ko miya tana shiga rabon gado. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a littattafansa bai taɓa haɗuwa da miyar da ta fi mai dafa ta tsawon rai ba, in ci kawai in yi mata addu'a.

Da azahar na karɓo kwano ɗaya. Miyar ta daskare kamar dutse, har sai da na ƙwanƙwasa ta faɗa tukunya. Tsoho da bai taɓa hura wuta ba, ga shi durƙushe a madafi yana hawayen hayaƙi. Da ta narke, ƙamshin ya cika gidan, kajin Innarki suka taru a bakin ƙofa kamar yadda suke yi mata. Na ɗanɗana, ba gishiri ko kaɗan. Sai na tuna ɗabi'arta: miyar da za ta kwana ba ta sa mata gishiri sai wajen ɗumame, wai ɗumame yana ƙara masa kaifi. Na duba ko'ina ban ga inda take ajiye shi ba, na fita roƙo gidan Malam Mahamman makaho.

Yana zaune a zaurensa. Kafin in buɗe baki ya tambaye ni wace ce ke girki a gidana, don yanzun nan ya ji an buga ludayi a bakin tukunya, irin bugun Innarki Mairamu. Na ce zafi ne ke wasa da kunnensa. Amma da na koma, itacen da na cusa an janye shi baya don kada miya ta kama, ludayin da na bari a ciki yana kwance a kan murfi. Gishirin da Mahamman ya ba ni yana dunƙule a hannuna ban zuba ba, na ɗanɗana miyar. Daidai take, 'yata. Ba ƙari, ba ragi.

Kin san ni da taurin kai. Da na karɓo kwano na biyu, na ja kujera na zauna na zuba wa tukunya ido. Ba abin da ya motsa. Miyar ta ƙone a gabana, kuma salam take. Na ji kunya, don duk zamanmu ba ta taɓa son a tsaya mata a kai tana girki ba. A na uku na ɗora, na fita na zagaya har bakin masallaci. Na dawo na ci tuwona har na suɗe hannu.

Saura kwano ɗaya. Murfinsa ɗaure yake da ƙyallen tsohon zanenki mai ruwan goro, kuma Jeanne ta ce Innarki ta gargaɗe ta kada ta ba kowa wannan sai ke. To, an canja wa Fulbert wurin aiki zuwa Meiganga, ƙarshen watan nan za su ɗaure kaya har da firigon. Ba wani mai irinsa a unguwarmu, kuma a zafin nan miyar ba za ta kai gobe ba in an fitar da ita. Tun da kin gama wanka, ki roƙi maigidanki ya sa ki a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan motocin Garwa ba sa yankewa. Ni ba zan taɓa kwanon nan ba, kuma ba na son in ga abin da zai faru in ya lalace ba ki zo ba.

Ki gaishe min da maigidanki Shu'aibu da surukarki. Gwaggonki ta Pitowa da Mahamman da Jeanne suna gaishe ki. Kada ki wahalar da kanki da tsaraba, ki zo da jaririn kawai, don ba ni kaɗai ne ban gan shi ba. In kin ɗora tukunyar, kada ki sa gishiri. Ki shimfiɗa jaririn a tabarma inda za a hango shi daga madafi, mu fita zaure mu ɗan jima.

Ni ne mahaifinki,
Ɗanmalam