Na Gano Abin da Ke Haɗiye Sunayen Makiyaya

Malam Sharfuddeen, ranka ya daɗe, don Allah ka taimake ni da shawara. Ina riƙe da abu mai daɗi a hannuna, amma na rasa inda zan kai shi.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ina zagaya rugage tsakanin Gwiwa da Roni ina yi wa shanu allurar rigakafi. Bara aka ce mu ajiye takardu, mu koma wata manhaja ta kyauta a waya, wadda wasu 'yan sa-kai suka ƙirƙira a can wata ƙasa. Na so ta sosai. Ka shigar da sunan mai garke da yawan shanu da ranar allura, shi ke nan.

Sai ga matsala. Wani makiyayi mai suna Musaddiƙ, da hannuna na yi wa shanunsa talatin da takwas allura, na shigar da shi. Bayan mako biyu abokin aikina Muhsin ya je rugar, ya duba waya bai ga sunan ba, har ya zuƙi magani zai sake yi musu. Matar gidan, Adda, ita ta fito ta rantse masa an riga an yi. Da ba ta nan fa? A ofis aka ce sakacina ne. Raina ya ɓaci.

Kwana uku na yi ina gwaji. Wallahi Malam, na gano! Duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ zai zauna lafiya lau a wayata, amma da zarar na tura shi babban rumbun bayanai da duk wayoyinmu ke ɗauka daga ciki, sai ya ɓace ɓat. Sunaye ashirin na gwada, ko ɗaya bai saɓa ba. In na rubuta Musaddik da k marar lanƙwasa, yana nan daram. Ihun da na yi ya sa matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta zaci ƙarin girma na samu. Tun ranar duk wanda na gamu da shi sai ya sha labarin, har ɗan acaɓan da ya kai ni Kazaure.

To ga inda na maƙale. Na shiga shafin masu manhajar in sanar da su, sai na tarar an rubuta wai a fara karanta littafin jagora. Na buɗe. Hotunan ciki na tsohuwar manhajar ne, maɓallan da ake nunawa ma yanzu babu su. Sun ce a haɗo da fayil ɗin bayanan kuskure, ba su faɗi inda yake ba. Turancin kuwa, da diflomata da komai, kamar ban taɓa shiga aji ba. Na ga wani ya yi tambaya, aka amsa masa a gajarce cewa ya je ya karanta jagora. Shugabanmu Malam Muhammadu Lawal ya ce in daina wahalar da kaina, mu riƙa rubuta sunaye ba lanƙwasa. Amma sunan mutum fa sunansa ne! Kuma abokan aikinmu na Babura, da su ma ke amfani da manhajar, ba su ma san da zancen ba. In tura ko in haƙura?

Naka,
Mai Sirinji, daga Gwiwa

Ɗan'uwa Mai Sirinji, sannunka da aiki! Ka tura. Mafi wuyar aikin shi ne gano musabbabi, kuma ka riga ka gama shi.

Laifin rikicewarka ba naka ba ne. Wanda ya gina abu ya san shi ciki da bai, sai ya manta yadda baƙo ke ganinsa, shi ya sa jagorarsu ta zama haka. Amma ka yi musu uzuri. 'Yan sa-kai ne, gajeriyar amsar nan sau da yawa gajiya ce ba raini ba, kuma mai yiwuwa a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ƙ a rayuwarsa. In ba kai ba, wa zai gaya musu?

Shugabanka ma yana da rabin gaskiya. Lafiyar shanu ba za ta jira amsar Turawa ba. Yau ɗin nan ka sanar da Muhsin da mutanen Babura, ku yi amfani da baƙaƙe marasa lanƙwasa na wucin gadi, ku kuma riƙe rajistar takarda.

Sannan ka rubuta musu layi huɗu da Turanci mai sauƙi: abin da ka yi, abin da ka sa ran gani, abin da ya faru, da irin wayarka. Ka haɗa da hoton fuskar wayar, amma da sunan ƙirƙira, kada ka bayyana sirrin makiyaya. Fayil ɗin da ka kasa samu, ka faɗa musu ƙarara ka neme shi jagora ba ta nuna ba. Wannan ma rahoto ne. In sun yi shiru mako biyu, ka sake tuntuɓa cikin ladabi.

Abu na ƙarshe: ka zauna ka rubuta wa abokan aikinka jagora mai shafi ɗaya da Hausa, irin wadda ka so a ce ka samu. Kada ka jira izinin kowa.

Allah ya sa albarka a hannunka, ya tsare garkunan da kake kula da su.

Malam Sharfuddeen