Shafi na Ɗari Biyu da Sha Biyu

Litinin, 14 ga Yuli

Auta ta zo da hantsi. Yaranta sun tafi dogon hutu wurin kakarsu ta wajen uba, gida ya yi mata faɗi, tana so in zaɓar mata abin karantawa. Shekara tara ke nan rabon da ta tambaye ni wani abu da ya wuce lafiyar gwiwata, wato tun da ta bar karatun likita a shekara ta huɗu ta kama ɗinki.

Na zaɓi uku, na maimaita sharuɗɗa: ba a naɗe kusurwar shafi, ba a kifa littafi, ba a lasar yatsa. Ta ce, “Baba, har yanzu dokar tana nan?” Na ce ni na yi ritaya, ba dokar ba. Na ba ta shawarar ta fara da mai koren bango, labarin wa da ƙane masu gina gada, wanda na karanta sau shida.

Laraba, 16 ga Yuli

Ina cikin shan shayi na tuna, har kofin ya kusa kuɓuce mini. Shekara arba'in ina rubutu da fensir a gefen littattafaina. A mai koren bangon, shafi na 212, inda ƙanen ya watsar da aiki ya tafi, na rubuta a makon da ta bar makaranta: “Auta ke nan. Ba ta taɓa gama abin da ta fara ba, kuma ba za ta gama ba.” Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na sa kwanan wata.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na shaida wa mai ɗakina. Ta ce, “Malam, cikin littattafai ɗari huɗu, wannan hannunka ya zaɓa?” Shawararta in buga waya in ce a dawo da shi. Da wane dalili? Ban taɓa karɓe littafi kafin wa'adi ba. Yarinyar za ta sha jinin jikinta.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ta bugo da kanta, abin da ba ta saba ba. Tana shafi na saba'in, tana karantawa idan shago ya yi shiru. Muryarta kamar lokacin da take 'yar firamare. Sha biyu a rana ke nan. Ina da kwana goma sha biyu.

Bayan ta ajiye na kama kaina ina fatan ta gaji ta watsar da shi. Wato ina fatan abin da na rubuta ya tabbata, don kada ta ga na rubuta. Ban ji daɗin wannan tunani ba.

Talata, 22 ga Yuli

Na yi ƙarya. Na ce mata tsakiyar littafin tana da jan rai, gara ta koma na biyu. Ta yi dariya. “Baba, ba kai ka ce wanda ya bar littafi a tsakiya ya ci amanar marubuci ba?” Ni na ce. Tana 130. Lissafina ya rushe.

Alhamis, 24 ga Yuli

185. Mai ɗakina ce ta kawo labari. Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Na sa magogin fensir a aljihu na tafi shagon. Ban taɓa taka shi ba, sai da na tambayi mai gyaran takalma na bakin titi.

Keke huɗu, mata uku suna aiki a ƙarƙashinta, dogon tebur na yanka, almakashi kowanne a ƙusarsa. Kowace riga da ke rataye an maƙala mata takarda mai ranar karɓa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, halina ne. Babu wadda ranarta ta wuce.

Da ta shiga ciki yin guga na ɗauko littafin daga kan kantar shagon. Ta ɗinka masa riga ta yadi. Zaren da take sa alama yana shafi na 240.

Ban ji dawowarta ba. “Na wuce wurin tun jiya, Baba,” in ji ta, a hankali, don kada matan su ji. “Layin ya miƙe sosai. Da rula ka ja?” Na ce da rula. Ta dubi magogin da ke hannuna ta ce, “A'a. Bar shi. Rubutunka ne.” Ta karɓi littafin ta mayar.

Na shirya jimloli uku a hanya, kowacce na auna ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne fankar shagon tana bukatar mai. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Ba ta bugo ba. Na duba wayar, lafiyarta lau.

Laraba, 30 ga Yuli

Na kai mata kwat ɗina mai ruwan toka, aljihun ciki ya yage. Akwai tela a layinmu, amma ɗinkinsa ba ya miƙewa; wannan shi ne dalili.

Ta juya aljihun, ta dubi yagar, ta dube ni. Ta rubuta “Asabar” ta maƙala. Ina shirin fita ta ce, ba tare da ta ɗago daga keke ba, “Saura shafi goma sha ɗaya. Kada ka faɗa mini ko ƙanen ya dawo.” Ta turo kujera da ƙafa. Kujerar ba ta da daɗi ko kaɗan. Na zauna har la'asar.

Mai ɗakina tana neman ƙaramin almakashinta tun safe, ta ce jiya a teburina ta gan shi. Yadda aljihun ya yage ba abin rubutawa ba ne a nan.