Fulin Motar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Robar cikin fulin injin motar Baba, mai rage girgiza, ta cinye. Bakanike ya yanko tsohuwar taya ya cusa, wai ta fi sabuwa. Ya ɗora kofin shayi a kan bonet don gwaji, shayin ya zube, ya ce kofin ne karkatacce. Baba ya gamsu.

Ran Juma'a zai kai su Inna suna Gwaram, fulin kuwa rawa yake, na gani. In fulin ya fita suna cikin gudu fa? Don Allah kira Baba, ni digirina bai kai maganar mota ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza