Sabuwar Tsirkiyar Gurmina

Laraba da dare, garin Ƙofa.

Tsirkiyar gurmina ta tsinke, ga bikin ƙanwata Hajara jibi. Na sayo igiyar fatsa wajen masuntan Bagauda na ɗaura. Ina ɗame ta, kafin in kai rabin waƙa ta saki, amon ya koma kukan tsohuwar akuya. Haushi ya sa na ja da ƙarfi, ta tsinke.

Kawu Sale da ya koya mini kiɗa ya yi dariya. "Yaro, sabuwar igiya sai ta gama miƙewa take tsayawa. Ja kaɗan, ka kaɗa, ka sake ja."

Na ɗaura wata. Yatsuna suna zugi, amma yanzu tana riƙe baiti guda. In sha Allahu ba za a kai Hajara ɗakinta babu kiɗana ba.